Takardar da Graciete Ta Bari a Aljihun Tebur

Telma, mabuɗai na ƙarƙashin tukunyar fure.
Ƙofar ɗakin barci tana da taurin kai,
ki ɗan ɗaga ta kafin ki murɗa.
Shekara talatin da ɗaya ina lallashinta,
jiragen masuntan Matosinhos na yi mini gunji ta taga.

Ki durƙusa.
Yaro ba ya hira da cinya, ido yake nema.
Gwiwoyina a daɓen nan suka ƙare,
ban kuwa bi kowa bashinsu ba.

Duarte zai shigo da hagu a dama.
Hannunki zai yi ƙaiƙayi, ki tura shi aljihu,
ki ƙirga goma a zuci,
in ba ta isa ba ki ranto wata goman.
Wanda kullum ake ɗaure wa takalmi,
ran da ba kya nan, a bakin ƙofa zai wuni.

Kada ki kashe kuɗi kan abin wasa mai batir.
Bayan firji akwai bokitin wake,
mazurari, da ludayi biyu, ɗaya ya karye.
Manyan kaɗai za ki ba;
ƙananan, baki ne hannunsu na uku,
su sai ƙullin fulawa, idonki a kansu.
A zuba, a juye, a sake zubawa,
a nan yatsa ke koyon riƙon alƙalami
tun bai san da alƙalami ba.

Benedita ba ta magana.
Uwarta kan taso daga gidan gwangwanin kifi
da ƙarni a riga da tambaya guda:
"Yau ta ce wani abu?"
Kada ki tsare yarinyar da "ce ruwa, ce ruwa."
Zauna gefenta, ki faɗi abin da hannunta ke yi:
kin ɗebo, ya cika, af, ya zube.
Ran Laraba ta nuna taga,
ta kira sunan farin tsuntsun teku.
Ban yi tafi ba, kada ta firgita.
Na ce, "Shi ne, ga shi can yana satar burodi."
Sai na shiga banɗaki na yi kukana.

Vicente yana cizo.
Ba mugunta ba ce, haƙori ne ya riga harshe isowa.
Fara rarrashin wanda aka ciza,
sannan ki ara wa mai cizon kalmar da ya rasa:
"Ka ji haushi. Ce masa, ba ni."

In sama ta ɓarke, ku fita.
Rigunan ruwa na rataye bayan ƙofa.
Kududdufi ya fi ni iya koyar da tsalle.

Littafin nan mai yagaggen bango,
sau arba'in za su ce a maimaita.
Maimaita. Kada ki tsallake shafi,
alƙalai goma sha biyu ne a gabanki.

Da yamma kar ki ce wa uba "lafiya ƙalau."
Ce masa, "Yau ta ɓalle maɓalli biyu da kanta."
Wannan zai kai gida a aljihu.

Za ki yi tsawa wata rana. Na yi.
Albano sunansa, madara ya zubar.
Na durƙusa na ba shi haƙuri.
Yanzu bas yake tuƙawa, furfura a gemu,
in ya hango ni sai ya jira.

Waken da suka shuka a kofuna yana kan taga.
Iara kullum sai ta tone nata
ta ga ko ya tsiro.
Ki ƙyale ta, na ɓoye mata wani bayan labule.
Ni ma haka na riƙa tone su
a shekarata ta farko.