Guga a Saman Kwakwa

A tsibirin Samar, inda teku ke lasar ƙafar gidaje,
sabis ba ya sauka ƙasa.
Tsuntsu ne mai girman kai,
saman kwakwar gidan su Jovelyn kaɗai yake yada zango.

Kullum in rana ta faɗi
sai ta naɗe wayarta a leda,
ta jefa a guga, ta ja igiya.
Kowa ƙasa yake zura guga,
ita nata sama yake tafiya ɗiba.
Da asuba ya sauko da abin da ya samu:
darasin lissafi biyu, wata rana ɗaya da rabi,
malamin Manila ya daskare, baki buɗe, alli a hannu,
bai gama raba goma sha bakwai ba.

Kakarta Pining na gefe da taru a cinya.
Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba;
yatsunta ne suka yi karatu,
shekara sittin suna bitar ƙulli.

Ran da ruwa ya tsare kowa a ɗaka
Jovelyn ta haska hannuwan tsohuwa,
minti huɗu, don zaman banza kawai.
Da sama ta washe, guga ya hau da su.

Mako ya zagayo.
"Kaka, mutum dubu arba'in sun kalle ki!"
Tsohuwa ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Dubu arba'in,
kuma babu wanda ya kama min bakin tarun?
Gani ba ci ba ne, yarinya."

Saƙonni suka zubo kamar ƙananan kifi:
jajayen zukata,
wata na tallan man goge tamoji,
wani ya zo zagi, bai san ma wa yake zagi ba.
Can ƙasa akwai hoto daga Tonga.
Sunansa Viliami.
Teku ta riƙe ubansa, ta maido tarun a yage,
ya bi bidiyon sau tara, ƙullin na kwancewa.

Pining ta karɓi wayar da yatsa biyu,
ta nisanta ta da ido,
ta daɗe.
Sai ta ja tsaki.
"Ba dakiki ba ne. Bahago ne.
Kunna abin naki."

Ta mayar da allura hannun hagu,
hannun da bai taɓa ja-gaba ba.
Ta kuskure. Ta sake. Ta kuskure.
A na huɗu ƙulli ya zauna daram.

Datar da ta rage ta abu ɗaya ce,
ko darasi ya sauko, ko hannun kaka ya hau,
ga jarrabawa ranar Alhamis.
Jovelyn ta tsaya gindin kwakwa tana juya leda.

Malamin Manila ya iya jira,
ya saba tsayuwa da bakinsa buɗe.
Ta ja igiya.
Bayanta, cikin duhu,
ta ji wani ya kama mata bakin igiyar.