O Mai Gira

Ƙarfe uku da rabi rana ta faɗi a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada.
Ina hawa na huɗu, shayina ya huce,
ina ɗaurin ƙunshin da ya ƙi ɗauruwa.

Manhajar asibitin dabbobi ce.
Wata takwas muna dafa ta, ni da Kaarel,
saura a kwashe, a rufe, a aika,
kowa ya buɗe a gidansa ya girka.
Ashe dahuwa ba ta kai kwasa wuya ba.

Ran Litinin ƙunshi ya fita ba takalmi:
na manta wani ɗan fayil da yake takawa a kai.
A kwamfutata yana nan tun bara,
shi ya sa ban ji rashinsa ba.
Wai mai ɗaki ya san inda yake yoyo.
Ni dai sai da baƙo ya jiƙe.

Washegari mai gadin kwamfuta ya tare shi a ƙofa,
ya ce bai san wanda ya aiko shi ba.
Takardar sa hannunmu ta mutu tun Asabar,
cikinmu ba wanda ya ji rasuwar.
Sai kuma tsohon zubi ya ƙi tashi daga kujera,
sabo ya zo ya tsaya da jaka a hannu.

Duk na ɗinke.
Asibiti sha tara sun girka lafiya.
Saura ɗaya.

Õnne, likita a tsibirin Saaremaa,
tana magana kare na haushi a bayanta:
"Sandar nan takan cika har casa'in da bakwai,
ta tsaya kamar mai tuna wani abu,
sai ta juya da baya tana share sawunta."

Kaarel ya ce, "A wajena yana aiki."
Na ce, "To mu naɗe wajenka mu aika mata."

Izini? Ta bayar. Wuri? Akwai shi fal.
Kashe ki kunna.
"Na kashe, na kunna, har firij bai tsira ba."

Ta turo kundin da ƙunshi ke rubuta tafiyarsa,
layi dubu goma sha ɗaya, ba gaisuwa.
Na bi shi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
motar share ƙanƙara ta wuce sau biyu.
Can wajen dubu takwas:
ba a sami hanya ba.
Ga hanyar kuwa a shimfiɗe, ɗaki bayan ɗaki,
har ƙofar da ke ɗauke da sunanta,
amma inda Õ yake
alamar tambaya ce a tsaye.

Ɗan aikena ya kai bakin ƙofa,
ya ga o mai gira, bai san shi ba,
ya ɗauki kayansa ya komo gida.

Ni na auna masa haruffa da tsohon mudu.
Ni, ɗan gidan Lõhmus,
da na aske girar sunana shekara goma sha biyu
don kada na'ura ta yi min gardama.

Kaarel ya ce, "Ta canza sunan jakar mana, minti ɗaya ne."
Ban amsa ba. Na canza mudu.
Layi guda. Ɗauri kuma minti arba'in.

Sha ɗayan dare ta kira,
ta fito daga karɓar haihuwar saniya.
"Ya shiga," ta ce. Na gaya mata dalili.
Dariya har da tari:
"Mu nan tsibiri ko furta shi ba ma yi!
Uwata ce 'yar ƙetaren ruwa,
ita ta zo da shi a bakinta."

Ginin ya yi tsit, sai bututun ɗumi ke ƙas-ƙas.
Na buɗe inda kwamfuta ta ajiye sunana,
na mayar wa o girarsa,
na zauna ina jiran in ga abin da zai karye.