Marabar Ruwa

Na ce kowa ya yago takarda daga littafinsa,
ya dunƙule ta a tafin hannu kamar an ɓata masa rai,
sannan ya buɗe, amma kada ya miƙar da ita.
Nelida ta ɗaga tata, ta ce, Malama, ta lalace.
Na ce, ba lalacewa ta yi ba, ƙasa ta zama:
ga tudu, ga kwari,
ga gangaren bayan gidanku inda kuke shanya dankali
sanyin dare ya busar da shi.

Muka bi kan kowane tudu da shuɗiyar tawada.
Na tsoma yatsu a kofi, na yarfa musu ruwan sama.
Aji ya yi tsit.
Tawada ta fara zamewa, ɗigo yana neman ɗigo,
biyu su haɗu su zama zare,
zare ya sami ɗan'uwansa su tsaya a rami.
Babu wanda ya nuna musu hanya.
Ƙasa ce ta riga ta faɗa musu tun kafin su sauko.

Laraba muka hau dutse, mu goma sha bakwai da kare guda.
A nan Andes numfashi tsada gare shi,
kowane taku sai ka biya.
Lamomi suka ɗago dogayen wuyansu suna kallonmu,
kunnuwansu ɗaure da jan ulu.
A can ƙololuwa na tsayar da su, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.
Na zuba rabin gora ta yamma:
wannan zai bi ta hamada ya faɗa tekun Pasifik, tafiyarsa gajeriya.
Na zuba rabi ta gabas:
wannan sai ya ratsa daji, ya shiga Amazon,
ya ji harsunan da ba ya ji a nan, kafin ya ga gishiri.
Gora ɗaya suka kwana.
Taki guda ya raba su.

Yara suka yi ta dariya suna tofa yawu hagu da dama,
kowa na aika saƙo teku.
Wilber ne kaɗai bai tofa ba.
Yana kallon ƙasa, inda aka fafe cikin dutse kamar ƙwarya,
inda manyan motoci suke rarrafe kamar cinnaku,
da tafkin nan mai launin tsatsa a gefe.
Can babansa yake aiki, mako biyu ciki, mako ɗaya gida.

Ya zaro takardarsa daga aljihu, ta bushe ta yi tauri.
Ya ce, ara mini jan biro.
Ya ɗiga alama a kan tudu, ya jiƙa yatsa da harshe,
ya taɓa.
Muka bi ja da ido, yana gangarawa a hankali,
ya karya kwana, ya shiga shuɗi, ya ɓata shi,
ya je ya kwanta a ƙasan takarda.
Ya ce, nan gonar kakata Domitila take.
Tumakinta uku sun mutu bara.

Na karanta littattafai kan ruwa, na ci jarrabawa a Kusko,
ba a koya mini abin da ake faɗa wa yaro a nan ba.
Ban ce masa ruwa ba ya tsami banza ba,
domin ban sani ba tukuna,
kuma takalmin da ke ƙafarsa daga ramin nan ya fito.
Na ce, ana aunawa. Akwai inda ake kai ruwa a duba.

Muka sauko hadari na biye da mu.
Ya naɗe takardar ya cusa cikin hularsa.

Ran Litinin na tarar da kwalba a kan teburina,
an toshe bakinta da leda da zare,
ruwan ciki garau, kamar babu komai.
A jikinta an manna rana da sunan rafi,
da rubutun babban mutum
wanda ya danna biro har ya huda takarda.