Na Buga Dutse, Tafki Ya Amsa

Motar farko ta ajiye ni a wani ƙauye gaba da Birnin Kudu,
jaka ɗaya, gorar ruwa ɗaya, ba abokin tafiya.
Direba ya ce, "Malam, su ka zo?"
Na ce dutse na zo gani.
Ya yi dariya har goro ya kusa shaƙe shi:
"Yau ake buɗe tafki, wa zai bar kifi ya hau tsauni?"

Gari duk ya gangara,
masu koma, masu gora,
mata da kasko da man gyaɗa,
yara tsirara suna tseren isa.
Ni kaɗai na ba ruwa baya.

A gindin dutse na iske Iya Tasalla tana tsinkar zogale.
Ba ta ɗago ba, da leɓe ta nuna:
"Bi inda awaki ke bi,
sun fi mai gari sanin hanya."

Takalmin kanti ya ƙi dutse, na rataye shi a wuya.
Ƙadangare ya gyaɗa mini kai sau uku,
na amsa, don ba wani mai gaishe ni.
Rema ta leƙo, ta raina ni, ta koma.
A kogo, cikin warin jemage,
ga jajayen shanu a jikin bango,
dogayen ƙaho, babu makiyayi.
Mai zanen ya tafi, ba a san sunansa ba,
garkensa na nan,
ba su ci ba, ba su sha ba, ba su rame ba.

Azahar ta kusa na kai ƙololuwa.
Can ƙasa tafki ya kwanta kamar ido,
mutane sun zagaye shi kamar kwalli.
Shiru. Kowa na jiran Sarkin Ruwa.

Sai ga wani faffaɗan dutse kusa da ni
mai ramuka kamar na dara,
da ɗan dunƙulen dutse a kai, sumul, ya sha hannu.
Hannun baƙo ba ya jin magana.
Na ɗauka na buga.
Ƙararrawa ce ashe ke barci a ciki!
Na ƙara. Na ƙara.

Tafki ya fashe.
Tsofaffi ne suka fara faɗawa, matasa suka bi,
Sarkin Ruwa na tsaye, tafi a sama, bai shafa addu'a ba.

Na sauko gwiwa na rawa, ina haɗa ban haƙuri.
Wani yaro mai giɓi ya nuna ni: "Ga shi nan!"
Kafin in ce baƙo ne
hannu takwas sun ɗaga ni sama,
ni da hula da waya da kuɗin mota,
tsundum.
Na sha laka, na fito ina tari,
mata na guɗa suna watsa mini da ƙwarya.

Sarkin Ruwa Jatau bai yi dariya ba.
Ya ce, "Damina goma sha ɗaya
tun da muka rufe Cindo ba wanda ya hau.
Da usur muke farawa, kamar 'yan ƙwallo."
Ya goge ido, ya ce ruwa ne.
Ya zaɓi tarwaɗa mai gemu ya cusa mini a hannu:
"Baɗi ka jira in shafa."

A motar ƙarshe ba wanda ya matso kusa da ni,
rigata na ɗiga, wayata ta mutu,
ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.
Tarwaɗa na motsi a leda tsakanin ƙafafuna
har muka wuce Wudil,
tafin hannuna bai daina tsuma ba.