Kaburbura Biyar a Bayan Cocinmu

Shekarata tara a daren da sama ta tsage.
Mun riga mun saba da ƙugin jiragen,
sukan wuce gabas kamar garken shanu a cikin gajimare.
Babana Douwe kan ƙirga su da kunne, yana kwance,
da asuba ya ƙirga masu dawowa.
Kullum da giɓi.

Wannan bai wuce ba.
Ya taho ƙasa-ƙasa, fiffike ɗaya na ci da wuta,
ya aske kan itatuwan bakin madatsar ruwa,
ya kife a gonar dankalinmu.
Gilasan taga suka zube. Saniyarmu ta yi ɓari.

Su bakwai ne, daga baya muka sani.
Biyar ba su fito ba.
Ɗaya sojan Jamus suka sauko da shi daga reshen itace.
Ɗayan ni na tsince shi a rumbun ciyawa,
takalmi ƙafa ɗaya, gira a babbake,
haƙoransa na kaɗawa.
Ya dafa ƙirjinsa: Alwyn.
Na dafa nawa: Sytske.
Iyakar hirarmu ke nan, kwana uku,
ina kai masa madara a ɓoye cikin rigar sanyi.

Rana ta huɗu muka jiyo haushin karnuka.
Ya sulale ta baya, ya bi magudana, ruwa iya ƙugu,
sai da ya yi nisa da gidanmu
ya hau titi, ya ɗaga hannu.
Ko waiwaye bai yi ba.
Na daɗe ina riƙe da shi a zuci
kafin in gane rashin waiwayen nan
shi ya bar mana ubanmu.

Laimar da ya sauko da ita
mahaifiyata ta binne a ƙarƙashin akurkin kaji.
Bayan yaƙi yayata Hiske ta yi aure a cikinta,
fara sol, sai ɗan tabon mai a gefe
da sabulu ya gaza.

Tulloch. Baxendale. Renaud. Moffat.
Sai autansu Perrin, mai bindigar wutsiya, ɗan sha tara.
Na haifi 'ya'ya, duk sun girme shi.

Na san abin da suka ɗauko a cikin jirgin.
Na san inda za su kai shi,
can ma akwai 'yar shekara tara a ƙarƙashin bargo.
Ban iya warware wannan ƙulli ba.
Ciyawa kawai nake cirewa.

Alwyn ya fito daga sansanin fursuna kamar sillen kara.
Duk watan Mayu yakan tsallako teku,
ya cire hula, ya tsaya gabansu
kamar wanda ya makara wurin taro.
Sai ya fara zuwa da sanda.
Sai wata shekara wasiƙa ta zo a madadinsa.

Yanzu gwiwa ta ƙi.
Jikata Femke ke ɗaukar butar ban-ruwa,
tana karanta sunayen da harshenmu, a karkace.
Ba na gyara mata.
Sun fi daɗewa a garin nan fiye da garuruwansu.

Da dare, idan kaka ta yi,
agwagin daji kan wuce ta saman rufi.
Ina kwance.
Ina ƙirgawa.