Tukunyar Laraba

Ni ɗiyar mahauci ce, kar a ce ban faɗa ba.
Babana a Mayankar Kumasi yake wuni da wuƙa,
kuɗin karatuna daga haƙarƙarin saniya suka fito,
har littattafaina ƙanshin kitse suke yi.
Amma ga ni a ƙofar ɗakin cin abinci na jami'a
da takarda, da biro ɗaure da zare,
ina roƙon sa hannu saboda ganye.

Laifin Serwa ne, ɗakinmu ɗaya.
Likita ya raba ta da nama tun zangon farko.
Wata uku ina kallonta tana tsame kifi daga miya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
daga baya ta haƙura, ta ci gayan banku.
Ko yajin da ake zubawa a gefe
akwai garin jatan lande a ɓoye.
Ga kuma Kwabena mai dogon gashi, ɗan ajin zane,
wanda ba ya cin abin da ya taɓa numfashi:
burodi da gyaɗa, gyaɗa da burodi,
har wandonsa ya fara neman igiya.

Samari suka ce ga shugabar awaki ta iso.
Ɗaya ya yi mini "mee" daga bayan layi,
ɗaya ya sa hannu da sunan Tunkiya.
Ban goge ba. Ita ma maganar ta shafe ta.

Mista Boakye, mai kula da ɗakin girki,
ya dubi takardar ta saman tabarau,
manja ya ɗiga daga yatsansa kan suna na tamanin.
Ya ce: 'Yata, iyaye sun biya kuɗi.
In yaro ya koma gida ya ce ciyawa aka ba shi,
wa zai ɗaga wayar?
Ganye abincin ƙarshen wata ne.

Na ce: Ranka ya daɗe,
wake da shinkafar nan da garin nan kaf
yake yi wa layi kowace safiya,
daga bakinmu sunanta ya fito,
kuma kakata ta tsufa tana dafa ta babu ko ƙashi.
Ba mu ce a kori kaza ba.
Tukunya ɗaya muke nema a gefen tukwane tara:
ganyen gwaza da agushi, tubani, ƙosai,
miyar ayoyo da daddawa ta tsaya inda kifi ke tsayawa,
kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.

Ya ba mu Laraba.
Laraba kawai, da rana,
kuma mu nemo mai girki.

Na hau mota zuwa Aboabo na ɗauko Gwaggo Lantana.
Ta zo da muciyarta, da daddawa ƙulle a bakin zane,
ta dubi manyan murhunan ƙarfensu, ta taɓe baki,
ta ce a matsa mata.

Kafin ladan ya kira azahar an kankare gindin tukunya.
Mai "mee" na hango shi a lungu
yana suɗe faranti da yatsa.
Ni ban ce uffan ba.
Serwa ce ta wuce ta bayansa ta mayar masa da kukansa.

Ɗan abin da na ɓoye a roba na kai wa Baba da daddare.
Ya wanke hannu, ya laluba miyar
kamar mai neman kwabo a aljihun da ya huje.
Ina naman?
Na yi shiru. Ya ci loma, ya ƙara,
ya ci har robar ta yi ƙara.
Sannan ya ce daddawar ta ɗan yi yawa,
kuma kada wannan labari ya isa Mayanka.

Yau Alhamis. Kifi ya koma cikin kowace miya,
Kwabena yana ɓare gyaɗa a gindin mangwaro.
Na sayi sabuwar takarda.
Zaren biron ne ya tsinke, ina ɗaurawa.