Gidan da Babu Suna a Ƙofofinsa

A Szeged, hawa na uku, taga na kallon kogin Tisza,
Piroska na yanka hantar ɓera da wuƙar gilashi,
yanki siriri, numfashi ma zai iya ɗauke shi.
Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki.
Hannunta ba ya rawa sai in ta ɗauki kofin shayi.

Na leƙa madubin.
Ƙwayar halitta guda, amma gari ne cunkus:
jakunkuna, lunguna, ɗaki bayan ɗaki,
kowanne lulluɓe da tantani ruwan toka.
Na ce, ai duk ɗaya ne.
Ta ce, Zalán, kama da wane ba ta wane ba.
Bar tambayar bango,
tambayi aikin da ake yi a ciki.

Muka ba su cimarsu, muka zuba dalma a ruwan.
Jakar da ke narka tarkace cikin tsami
ta ci, ta tofar,
dalma ta cafke abin da ta tofar,
nan take ta yi baƙi ƙirin, ta tona asirin kanta.
Wani sinadarin kuma, mai ƙona ido,
wanda ba a buɗe kwalbarsa sai bayan gilashi,
ya bi jakunkunan da aka jera kamar faya-fayai,
ya rina na bakin ƙofa, ya ƙyale na ƙurya.

Daren Laraba na ga baƙi inda ba a taɓa gani ba.
Gabana ya shiga dukan uku-uku,
har na fara shirya abin da zan gaya wa farfesa.
Da safe, ko rigar sanyi ba ta tuɓe ba, ta ce,
ina yankin da ka hana wa cima?
Na ɗauko.
Shi ma baƙi, a daidai wurin.
Ashe dalma ce ta kwanta don ra'ayin kanta,
babu wanda ya kira ta.

Aikin mako uku ya tafi kwandon shara.
Ba ta ce sannu ba.
Ta raba burodinta biyu, mai shafe da jan barkono,
ta turo mini babban.

Watan gobe za ta ajiye aiki.
Ta bar mini littafinta, duk shafi da tabon ruwa,
a gefen shafi na arba'in, da fensir:
Wannan ma ya ruɗe ni. Sau biyu.